Kafin A Taɓa Kumatu

Ɗiyar yayana ta zo mana hutu a watan jiya. Wata safiya na shiga ɗaki ɗauko mayafi, na tarar da ita gaban madubi ta zuƙe kumatunta ciki kamar mai tsotsar tsamiya, tana karkata fuska dama da hagu. Shekarunta 22, tana aji uku a jami'a, kuma tun tana goye ake ja mata kumatun nan ana yi mata wasa. Da ta hango ni ta madubi sai ta saki, ta miƙo mini waya.

"Gwaggo, don Allah dubi wannan. Kitsen kunci kawai ake cirewa. Ta cikin baki ake yi, ko tabo babu. Minti talatin an gama, sati biyu mutum ya warke."

Na karɓa na zauna bakin gado. Hotuna ne bibbiyu a jere, na kafin aiki da na bayan aiki. A hagu fuska a cike, a dama ƙashin kunci ya fito, ƙasansa ya lotsa, haɓa ta yi tsini. Na duba sun kai goma. Sannan na ce, "To 'yar nan, ina hoton bayan shekara ashirin?" Ta karɓi wayar ta yi ta nema har shayinta ya huce, ba ta samo ko ɗaya ba.

Tun ranar maganar ba ta bar raina ba, domin "sati biyu" ɗin da aka faɗa mata ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Ɗinkin cikin baki yakan warke a wannan tsakanin. Fuskar kuwa da ita za a je gidan miji, da ita za a yi goyo da yaye, da ita za a tsufa idan Allah ya ba da rai. Kitsen da aka cire ba ya sake tsirowa. Yarinya mai shekara 22 ce ke sa hannu a takarda, amma mace mai shekara 50 ce za ta zauna da abin da aka sa wa hannun, kuma babu mai tuntuɓarta.

Yayin ba a ƙasarmu aka haife shi ba. Likitocin gyaran fuska a Amurka sun daɗe suna yin aikin jefi-jefi; wani likitan New York, Alan Matarasso, ya wallafa bayanin yadda ake yin sa tun 1991. A Brazil ya samu karɓuwa ƙwarai, suna kiransa bichectomia, har a 2019 hukumar likitocin haƙori ta ƙasar ta sa shi cikin ayyukan da ƙwararrunta na gyaran fuska za su iya yi. Abin da ya kawo shi cikin wayoyin 'ya'yanmu ya faro ne a watan Satumba na 2021, lokacin da Chrissy Teigen, matar mawaƙin nan John Legend, ta fito a Instagram ta nuna kuncinta ta ce an cire mata. Zuwa ƙarshen 2022 TikTok ya cika da zancen, ana ta tona hotunan 'yan fim ana cewa wance ta yi, wance ba ta yi ba. Waya kuwa ba ta san iyakar ƙasa ba. Abin da aka gani a Los Angeles da safe, kafin la'asar ana kallonsa a ɗakin kwanan ɗalibai a Zariya.

Mene ne ma wannan kitse? Ya bambanta da wanda ke kwance ƙarƙashin fata, mai ƙaruwa idan an samu hutu, mai zubewa idan an yi jinya. Shi curi ne guda a cikin 'yar jakarsa mai santsi, can ciki tsakanin tsokar kunci da tsokar tauna. Dukansa bai wuce kimanin mililita 10 ba, cokalin shayi biyu ke nan, kuma yana da rassa da suka miƙa sama zuwa gefen goshi da baya wajen muƙamuƙi. Likitoci suna kiransa da sunan Xavier Bichat, Bafaranshen da ya bayyana shi a matsayin kitse, wanda ya rasu a 1802 yana da shekara 30.

Duk macen da ta shayar ta san shi ko da ba ta san sunansa ba. Ki dubi jariri ya kama nono yana zuƙa da iyakar ƙarfinsa, amma kumatunsa ba sa faɗawa ciki. Wannan curin ne ke tokare su. Idan mutum ya girma kuma, shi ne matashin da tsokokin tauna ke gogawa a kai suna zamewa. Akwai wani abu game da shi da ma'aikatan cibiyoyin yara masu tamowa suka sani sarai. Yaro zai rame, cinya ta tafi, ɗuwawu ya saɓule, hannu ya koma kamar kara, amma kumatun suna nan da sauransu. Su ne na ƙarshen tafiya. Ranar da suka tafi, fuskar yaro ɗan shekara biyu ta koma ta tsoho, kowa a ɗakin ya san abin ya yi nisa. Jikin ɗan Adam, ko a tsakiyar yunwa, yana riƙe wannan kitse har sai ya rasa abin ƙonawa. Ni wannan kaɗai ya isa ya sa in yi jinkiri kafin in kira shi rarar da za a zubar.

Likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi ma ajiya suka ɗauke shi. Tun 1977, da wani likita mai suna Egyedi ya nuna hanyar, ana janyo shi a toshe ramin da kan buɗe tsakanin baki da kogon gefen hanci bayan an cire turmin sama. Ana yin faci da shi inda aka yanke ƙari a cikin baki, ana taimakawa da shi wajen gyaran tsagaggen ganɗa. Wadda aka cire wa nata don kwalliya ta rage wa kanta wannan ajiya, ba ta kuma san ranar buƙata ba.

Aikin kansa ba shi da tsawo, a nan 'yata ta faɗi gaskiya. Allurar kashe wuri ake yi, wani lokaci a haɗa da ta barci. A tsaga cikin kunci kusa da turmin sama na baya, tsawon santimita ɗaya zuwa biyu, a danna kuncin daga waje, sai kitsen ya ɓullo rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. A yanke abin da aka yi niyya, yawanci 'yan mililita kaɗan, a ɗinke da zare mai narkewa, a koma ɗaya gefen. Bai cika kai awa ɗaya ba, kuma a ranar ake sallama.

Abin da hotuna ba sa nunawa yana farawa ne daga komawa gida. Wadda ta je a rage mata fuska za ta wayi gari fuskar ta fi da girma. Kumburin yana hawa har kwana na biyu zuwa na uku, ta zama kamar mai hangum ta gefe biyu, wani lokaci da ɗan taruwar jini a fata. A waɗannan kwanaki ƙanƙara ake naɗewa a tsumma a riƙa ɗorawa ana ɗagawa, kwanciya kuma sai da matashi biyu ko uku don kai ya yi sama. Abinci ya koma koko da kunu da suka huce, da yogot, da fura mai ruwa-ruwa wadda ba a zuba mata yaji ba, daga baya faten dankali da tuwo mai laushi da miyar kuka. Tsire da kilishi da ƙuli-ƙuli da rake da aya sai an kwana biyu. Ba a zuƙar lemo ta bututu, domin zuƙar na iya tayar da jinin da ya daskare a kan ciwon. Sigari da shisha suna hana rauni haɗewa, dole a ajiye su.

Ciwon yana cikin baki ne, wurin da ba ya rabuwa da ƙwayoyin cuta, wurin da ake zuba masa abinci sau uku a rana. Shi ya sa ake kurkure baki bayan kowane ci, da ruwan gishiri mai ɗumi ko maganin kurkura na kulohekzidin da likita zai rubuta, a hankali, ba tare da kumbura kunci ana watsa ruwa ba. Ko kurkurar alwala sai an sassauta ta. Buroshi da asuwaki kada su kusanci ɗinkin. Wanda ya tsara aikin dab da azumi ya haɗa wa kansa wahala biyu, ga bushewar baki ga magungunan da ke da lokacin sha.

Sai riƙewar muƙamuƙi. Wannan na san shi da jikina, ba a tiyatar kwalliya ba, a lokacin da aka cire mini haƙorin ƙarshe na ƙasa. Lafiyayyen baki yana ɗaukar yatsu uku a jere tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Mai karatu na iya gwadawa yanzu. Ni kwana biyar yatsa ɗaya ne ke shiga da ƙyar. Da ƙaramin cokalin yara nake zura koko ta gefe, hamma kuwa idan ta taso sai in riƙe haɓa da hannu biyu, hawaye na zuba. Tsokokin da suka riƙe mini su ne maƙwabtan kitsen kunci, saboda haka masu wannan tiyata da yawa suna ɗanɗana irinsa. Yawanci yana saki cikin kwanaki ko 'yan makonni, tare da motsa baki kaɗan-kaɗan. Idan maimakon ya saki sai ƙara ɗaurewa yake yi, wannan alama ce ta a koma asibiti.

Mafi yawan mutane suna komawa aiki ko makaranta cikin mako guda, babban kumburin ya sauka a mako biyu zuwa uku. Siffar da aka biya kuɗi dominta ba ta gama fitowa sai bayan wata uku zuwa shida. Kuma adalci ne in faɗa cewa mafi yawansu suna wuce wannan zango lafiya. Amma "mafi yawa" ba "kowa" ba ne, wurin da ake sa wuƙar kuma cunkushe yake.

Mai karatu ya sa harshensa a cikin kunci, daidai turmin sama na biyu. Akwai wani ɗan tudu ƙarami a nan. Bakin magudanar yawu ne, siririn bututu mai tsawon kimanin santimita 5 da ya taso daga curin naman da ke gaban kunne, wanda ke kumbura idan yaro ya yi hangum. Bututun nan yana bi ta jikin kitsen kunci, kuma tsagar tiyatar tana dab da bakinsa. Idan aka yanke shi ko aka ɗinke shi bisa kuskure, yawu ya rasa hanya sai ya taru a cikin kunci. Alamarsa ba ta ɓuya: kumburi a gefe ɗaya da ke ƙaruwa duk lokacin da aka zauna cin abinci, ko ma aka ji ƙamshinsa. Wani a zuƙe masa da sirinji a ɗaure, wani a yi masa allurar Botox don a rage yawun, wani sai an sake buɗewa an gyara bututun.

A wannan lungu dai rassan jijiyar motsin fuska suke wucewa, masu ɗaga leɓen sama da riƙe kunci. Siraran zare ne, kuma ba a wuri ɗaya suke kwance a jikin kowa ba. Idan aka ja su ko aka ƙona su wajen tsayar da jini, murmushi ya karkace, ruwa ya riƙa zubowa ta gefen baki, mutum ya kasa hura kunci. Sau da yawa yana dawowa cikin makonni ko watanni, domin rassan suna da haɗi da juna. Wanda aka datse sarai kuwa ba lalle ya dawo ba. Ina tunanin budurwar da ta je neman fuskar hoto ta dawo tana rufe baki da mayafi idan za ta yi dariya. Irin wannan ne Bahaushe ya ce garin gyaran gira an rasa ido.

Jini shi ne mai gaggawa. Can bayan kitsen akwai tarin jijiyoyin jini, idan likita ya zurfafa ko ya ja da ƙarfi, wata na iya tsinkewa ta koma ciki inda hannu ba ya kaiwa. Gefe ɗaya ya hau cikin sa'o'i, ya yi tauri kamar dutse, zafi na ƙaruwa. Ba a jiran gari ya waye da wannan. An rubuta labarin wanda sai da aka zura siririn bututu ta jijiya aka toshe mai zubar daga ciki kafin jinin ya tsaya. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, su suka fi kusa da wannan haɗari, kuma dole likita ya sani tun kafin a fara. Haka mai ciwon suga da mai sikila.

Ruɓewar ciwo ta fi zuwa a ɓoye. Kwana uku ko biyar an fara jin sauƙi, sai zafi ya dawo, zazzaɓi ya taso, kunci ya yi ɗumi, baki ya riƙa ɗanɗanon mugunya. Gurbin da aka cire kitsen yana da hanyoyi zuwa zurfin fuska da wuya, ciwon na iya bi ta nan. Wanda ya fara wahalar haɗiya ko numfashi, asibiti ne wurinsa a daren, ba kantin magani ba.

Mafi yawan waɗannan suna da magani idan likitan da ya yi aikin yana kusa. Wannan ne ke ba ni tsoro game da masu tafiya Turkiyya ko Dubai ko Masar a yi musu, su hawo jirgi bayan kwana biyu. Ranar da mugunya za ta taru suna Kano, wanda ya san iyakar inda wuƙarsa ta kai yana wata nahiya, sai dai a tura masa hoto ta WhatsApp. 'Yan Najeriya ba su manta da Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, da ta rasu a Sifaniya ranar 23 ga Oktoba 2005 bayan tiyatar zuƙe kitse, wadda a 2009 kotu a Malaga ta sami likitanta da laifin sakaci. Tiyatarta ta fi ta kunci girma nesa ba kusa ba, ba ina haɗa su ba ne. Abin da nake ɗauka daga labarin shi ne sa'o'in bayan aiki suna da nauyin aikin kansa. A gida ma, duk wanda zai sa wuƙa a bakin mutum, a tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, kuma ya ƙware a tiyatar fuska ko ta baki da muƙamuƙi. Shagon gyaran jiki mai farin labule da fitila ba asibiti ba ne.

Akwai kuma rashin daidaito, gefe ɗaya ya fi ɗaya lotsawa. Dama fuskar kowa ba ta cika daidai ba, likita kuma yana auna abin da ya ciro ne, ba ya ganin abin da ya bari.

Amma matsalar da ta fi damuna ba ta zuwa da zazzaɓi ko kumburi. Ranar da za ta bayyana, takardun asibitin sun daɗe da ɓacewa. Fuska tana zubar da kitse da kanta yayin da shekaru ke tafiya. A 2007 wasu likitoci biyu a Dallas, Rod Rohrich da Joel Pessa, suka nuna cewa kitsen fuska ɗaki-ɗaki yake, kowanne da bangonsa, kuma tun daga nan aka ƙara fahimtar cewa tsufan fuska ya haɗa da raguwar waɗannan ɗakuna da saukowarsu. Ƙashin da ke tallafe su ma yana ja baya, fata tana saki, idan turame suka fara zubewa kunci ya ƙara faɗawa. Cikar fuskar 'yan mata, wadda 'yata ke yaƙi da ita, yawanci tana raguwa da kanta kafin a kai talatin. Wadda ta cire a 22 ta ciro ne daga asusun da dama zai ragu. Lotsawar da ta yi kyau a hoton wata shida, ita ce za ta haɗu da lotsawar shekaru.

Masu kare aikin suna da amsa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Suna cewa ɓangare kaɗan ake cirewa, daga ƙasan kunci, kuma a wasu mutane wannan curi yana saɓulowa da shekaru ya nauyaya ƙasan fuska, rage shi gyara ne. Suna cewa idan aka zaɓi mai cikakkiyar fuska da gaske, wanda nauyinsa ya tsaya, aka kuma cire da tsentseni, babu abin tsoro. Na yarda akwai irin waɗannan mutane. Akwai ma wanda kuncinsa ke shiga tsakanin haƙora yana cizo kullum har da gyambo, shi ma yana da hujja. Sai dai a 2018 wasu likitocin haƙori 'yan Brazil sun tattaro abin da aka wallafa kan wannan tiyata, suka tarar rahotannin ƙalilan ne, mutanen cikinsu kaɗan, kuma babu wanda ya bi su tsawon shekaru ya ga yadda fuskar ta tsufa. Ashe hoton da na tambayi 'yata ba a wayarta kaɗai ya ɓata ba. Idan abu ba ya juyuwa, kuma masu yin sa ba su da shaidar dogon zango, ni a wurina nauyin kawo hujja yana kan mai wuƙa.

Mu kuwa mun san abin da zurmammen kunci ke jawo wa mutum a cikin jama'a. Waɗanda suka yi wayo a farkon shekarun 2000 za su tuna masu ƙanjamau da ke shan wani tsohon magani, sitabudin, wanda ya ceci rayuka amma yana cinye kitsen fuska. Mutum ya samu lafiya, ƙarfinsa ya dawo, amma kumatunsa sun zurma, ana nuna shi da baki a kasuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe daga 2009 su janye maganin. A Amurka, a 2004 aka amince da wata allura mai suna Sculptra musamman don cike irin waɗannan fuskoki. Yau ma masu zubar da nauyi da sauri da allurar Ozempic suna komawa wurin likitoci a cike musu kunci. A unguwanninmu har gobe idan aka ga fuskar mutum ta faɗa, tambayar farko ita ce "Lafiya kuwa?" Idan amarya ta zo ganin gida da kumatu, sai iyaye su yi hamdala.

Gyaran wanda ya yi nadama yana nan, amma faci ne. Allurar cike fuska tana narkewa, sai an riƙa sabuntawa ana biya. Dashen kitse daga ciki ko cinya, wani ɓangare yana rayuwa wani yana narkewa, ba kullum daidai a gefe biyu ba, kuma ba ya komawa cikin jakar nan mai santsi da aka fasa.

Kafin ma a kai ga nan, akwai tambayar da ya kamata a fara da ita: me ya cika fuskar? Sau da yawa ba wannan curin ba ne. Wata ƙibar jiki ce gaba ɗaya, idan ta sauka fuska ta bi. Wata tsokar tauna ce ta yi kauri, saboda cizon haƙora cikin barci ko yawan taunar cingam, cire kitse ba zai taɓa ta ba. Wata kuma magani ne. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, a cikinsu akwai deksametazon, kuma sanannen aikinsa ne ya kumbura fuska ta zama kamar faranti. Wadda ke shan sa likita take buƙata ya janye mata shi sannu a hankali, domin yanke shi rana ɗaya haɗari ne. A tura irin wannan yarinya ɗakin tiyata zalunci ne. Ita kanta wayar da ake auna fuska da ita ba madubin gaskiya ba ce. Wani bincike daga Jami'ar Rutgers a 2018 ya nuna hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari, idan aka kwatanta da na nisan mita ɗaya da rabi. Wannan tun kafin a ɗora wa hoton matatar waya da ke tsuke muƙamuƙi. Wadda kuma ke kwana tana tashi da tunanin wani aibi da babu mai gani sai ita, taimakon da take buƙata na likitan ƙwaƙwalwa ne, irinta ba su cika samun natsuwa bayan tiyata ba.

Ɓangaren addini na malamai ne. Abin da zan kawo kawai shi ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007, ta raba tsakanin tiyatar da ke gyara lahani ko mayar da gaɓa yadda take, da wadda ke sauya lafiyayyar halitta don bin yayi, ta halatta ta farko ta hana ta biyu. Na faɗa wa 'yata wannan, amma ban tsaya a nan ba, domin na san yaran yanzu: idan aka rufe magana da "haramun ne" kawai, sai su daina tambayarmu su koma tambayar waya.

Ra'ayina dai shi ne duk wadda ba ta kai talatin ba ta bar kuncinta, mai siririyar fuska kuma ta bar shi ko shekarunta nawa. Wadda ta wuce nan, ta auna, ta ga har yanzu tana so, ta zauna gaban likita ta tambaye shi mililita nawa zai cire, sau nawa ya taɓa yi, wa za ta kira da ƙarfe biyun dare idan kunci ya hau, kuma ko yana da hoton wadda ya yi wa shekara goma da suka wuce. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, kuma yakan mayar da wasu gida ba tare da ya taɓa su ba.

Daren da za ta koma makaranta na buɗe akwatin ƙarfe na ciro kundin hotunan bikin iyayenta. Ga mahaifiyarta tana shekara 23, cikin lulluɓi, kumatu kamar an hura, idanu sun kusa ɓacewa don murmushi. Yau tana da 49, kuma ƙashin kuncin nan da 'yarta ke nema a waya yana nan a fuskarta, ya fito da kansa. Yarinyar ta daɗe tana kallo, ta kai hoton kusa da fitila.

"Gwaggo, wai Umma ce wannan?"

"Ita ce. Ke kika ɗauko ta."

Ta ɗauki hoton da wayarta. Ba ta ce ta fasa ba, ni ma ban matsa ba. Na dai ce mata idan ta kai talatin tana nan a kan bakanta, ta zo ta same ni, ni zan raka ta wurin likitan da takardar tambayoyina a jaka. Ta ce, "To Gwaggo, Allah ya kai mu." Da safe na raka ta tasha.